Wa ke jan wani, mawaƙi ko faifai?

Akwai wata magana da 'yan industiri suka mayar garkuwa. Da zarar ka taɓo batun kiɗan finafinanmu da na bukukuwanmu, ka ce ya yi lami, kafin ka rufe baki an ɗaga maka ita: "Malam, ai zamani ne ya zo da haka, duniya ta koma kwamfuta." Furodusa ya faɗa, mawaƙi ya faɗa, yaron situdiyon da jiya-jiya ya koyi danna fiyano shi ma ya faɗa, har da ɗaga kafaɗa. To yau ina so mu bi wannan zamanin da ake ta jingina wa laifi har ƙofar gidansu, mu ji ko da gaske shi ya aiko a yi mana abin da ake yi mana. Domin ni dai abin da na gani, inda masu kwamfutar suka dosa ba nan muka dosa ba. Sun yi gabas mun yi yamma, kuma muna ta murna wai mun bi sahu.

Bari mu fara leƙa can ɗin. Kiɗan Turawa na asali, irin wanda ake tara mutum sittin ko tamanin da goge-goge da ƙahonni a zaure ɗaya, a rubuce yake. Mai tsara kiɗa zai zauna a ɗakinsa ya zana shi a takarda, layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige a kansu, kowane ɗigo yana gaya wa makaɗi sautin da zai fitar da tsawon da zai ja shi. In ya gama a buga a raba. Wani ma ya shekara ɗari biyu a kabari, makaɗa na nan suna bin umarninsa. Abin yana da kyau, amma yana da tawaya guda: takarda ba ta ji, ba ta gani. Zaure ya cika ko ya watse, jama'a na hawaye ko suna hamma, abin da ke takardar nan shi za a kaɗa.

Wannan tawayar ce wasu masana kiɗa da masu ilimin kwamfuta suka tasa a gaba tun shekarun 1990. Abin da suka fito da shi, in za mu raɗa masa suna da Hausa, sai mu ce rubutun kiɗa na nan-take. Maimakon takarda, kowane makaɗi yana da allon kwamfutar hannu a gabansa. Mai tsara kiɗa yana gefe da tasa kwamfutar, kunnensa na kan abin da ke fita, idonsa na kan jama'a, yana rubuta abin da za a kaɗa nan da 'yan daƙiƙu, rubutun na sauka a allon kowa. Ya ga mai sarewa ya kama wani abu mai daɗi, sai ya tsawaita masa, ya aika wa sauran su sassauta. Wani lokaci ma ba ɗige-ɗige ake aikawa ba, launi ne, ko zane mai tafiya, ko kalma guda.

Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya nake yi. Wani malamin kiɗa a birnin Hambog na Jamus, Georg Hajdu, shi da wani Ba'amurke Nick Didkovsky suka haɗa manhajar MaxScore domin wannan aiki. A watan Mayun 2019 makarantar da Hajdu ke koyarwa ta jera makaɗa 144 a cikin wata tsohuwar hanyar ƙarƙashin kogin Elbe mai tsawon sama da mita 400. A irin wannan rami na wannan baki ba zai hango sandar madugu daga wancan bakin ba, sauti kansa sai ya ci fiye da daƙiƙa guda kafin ya isa. Sai aka ba kowa iPad, rubutun kiɗansa yana zuwa masa daga kwamfuta ɗaya a daidai lokacin da ya dace. A Amurka kuwa Jason Freeman ya tsara wani kiɗa mai suna Glimmer a 2004, aka raba wa 'yan kallo sanduna masu haske, kyamara na lura da yadda suke wasa da su, kwamfuta na juya abin zuwa umarni, fitila mai launi a gaban kowane makaɗi tana gaya masa abin da zai kaɗa. Wato 'yan kallo sun sa hannu a cikin kiɗan da suke saurare. Kafin su duka, tun 1985, wani baƙar fatan Amurka, Butch Morris, ya riƙa yin irin wannan ba tare da kwamfuta ba, da alamun hannu kawai da ya koya wa makaɗansa.

To mai karatu, ajiye waɗannan sunaye masu karya harshe a gefe, ka tambayi kanka: me mutanen nan suke nema da duk wannan wahala da kashe kuɗi? Abu ɗaya ne tak. Suna so wanda ya ƙirƙiri kiɗa ya iya magana da masu kaɗa shi alhali kiɗan na tafiya, kuma abin da ke faruwa a fage ya shiga cikin kiɗan. Shi ke nan. Duk ɗan Funtuwa ko Bakori ko Malumfashi da ya haura shekara arba'in, in ka bayyana masa haka sai ya yi dariya ya ce, "Yo ai Shata kake faɗi."

Ni ban riski Alhaji Mamman Shata a fage ba, ina ɗan mitsitsi Allah Ya yi masa rasuwa a watan Yunin 1999. Amma kasakasansa na nan, hotunan bidiyonsa da gidajen talabijin suka ɗauka sun cika YouTube, ga kuma littafin Shata Ikon Allah! da su Ibrahim Sheme suka wallafa a 2006. Ina roƙon duk mai cewa zamani ne, ya kunna ɗaya daga cikin bidiyoyin nan, amma kada ya kalli Shatan, ya kalli makaɗan. Mutumin Musawan nan da ya mayar da Funtuwa gida ba ya zuwa fage da waƙa a ƙunshe kamar goro. Zai jefa gindin waƙa, makaɗa su cafe su mayar da shi amshi, kalangai a hammata. Daga nan kuma sai abin da Allah Ya kawo. Wani ɗan waƙar gajere ne, wani ya ja shi har ka ce ya manta da su, amma ba su taɓa shigowa kafin ya sauke ba, ba su taɓa barinsa a rataye ba bayan ya sauke. Ta yaya suke sani? Saukar muryarsa, juyawar kai, ɗan motsin hannu, shan numfashi. Wannan shi ne allonsu. Amshin nan kuma da wasu ke gani kamar maimaici ne kawai, shi ne lokacin da jagora yake ɗinka ɗan waƙa na gaba a zuci. In bai gama ɗinki ba ya bar su su sake zagayowa, in ya gama da wuri ya katse su.

Ga kuma sanƙira. Wani alhaji ya shigo fili ana tsakiyar waƙa, sanƙira ya matso ya sanar da sunansa da na ubansa da garinsu da abin da ya bayar. Kafin mutumin ya gyara zaman babbar rigarsa, ya ji kansa a cikin waƙa, an ɗora shi daram a kan kiɗan da ba a tsayar ba. In wannan ba saƙon nan-take ba ne daga fage zuwa mai ƙirƙira, daga mai ƙirƙira zuwa makaɗa, to a gaya mini sunansa. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun daɗe da fayyace sassan wannan tsari, jagora da 'yan amshi, karɓi da ƙari, har irin na makaɗan fada kamar su Ɗanƙwairo inda jagora zai fara jimla yara su ƙarasa masa. Tsari ne mai ƙa'ida, ba hayaniya ba ce.

Babban kukan Turawan da ke wannan bincike shi ne makaɗi yana shan wuya wajen karanta abin da bai taɓa gani ba kuma ya kaɗa shi nan take da rai. Namu sun magance wannan ta hanyar da kwamfuta ba ta sayarwa: zama tare. Yaro zai shekara da shekaru yana ɗaukar kaya, yana riƙe ƙaramar ganga, yana bin maigida gari-gari, har ya san tarinsa ma abin da yake nufi.

Ba Shata kaɗai ba ne, kuma ba maza kaɗai ba. A Funtuwar nan dai Hajiya Barmani Coge ta yi zamaninta har ta rasu a 2013, ita da matan da ke kaɗa mata ƙwarya, wata a kife a kan ruwa tana ba da amo mai zurfi, wasu na ba da na sama. Wadda ta taɓa zama a wunin biki da amada ta san waƙar ba ta tafiya a miƙe. Wata ta tashi rawa, kiɗa ya bi ƙugunta. An jefa habaici ya samu wuri, mata sun ɗauki shewa, sai a tsaya a nan a ƙara jefa wani, tun da ya yi kasuwa. Ka fita gona kuma, ƙasar Ƙafur ko Ɗanja ko Malumfashi, ranar gayya. Mai gangar noma ba ya kaɗa abin da ya haddace a gida, kunya yake kallo. Wanda ya yi gaba a kaɗa masa takensa, wanda ya fara sanyi a zuga shi ko a taɓa shi da zambo, in an doshi ƙarshen gona kiɗa ya ƙara wuta. Manoma ne ke rubuta kiɗan da garmarsu. Abin da Freeman ya raba wa mutane sandunan haske don ya samu ke nan. Yau tarakta da maganin feshi sun rage gayya, rashin tsaron da ya addabi su Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ya ƙara rage taruwar dare da ta daji. Wannan wani ciwo ne daban, ba laifin 'yan fim ba ne. Nasu laifin yana tafe.

Lokacin da aka fara finafinan bidiyo da Turmin Danya a 1990, ba wanda ya zauna ya yanke shawarar korar makaɗa. Abin a hankali ya shigo. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin tarihin: an fara da ɗan ƙaramin fiyanon Casio, sannan a tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama a Kano ya kawo Yamaha samfurin PSR. Da Sangaya ya fito a 1999 ya karya kasuwa, magana ta ƙare. Kuma a yi adalci, abin da ya sa kiɗan Sangaya ya shiga ran mutane shi ne ya kwaikwayi amon kayan gida, kunne ya ji kamar ya san shi. Furodusoshi suka karanta darasin a baibai. Maimakon su ce ashe mutane na ƙishin amon gida, bari mu kawo masu shi, sai suka ce ashe akwati ɗaya ya isa ya maye gurbin masu shi. Daga baya kwamfuta ta shigo da su FL Studio, aka ƙara da Auto-Tune mai daidaita murya, wanda tun 1997 yake kasuwa.

Yanzu ga yadda ake haihuwar waƙa. Mawaƙi ya zo ya rera wa mai kiɗa abin da ke bakinsa. Mai kiɗa ya zaɓi bugu, ya saita gudunsa da lamba, ya kulle. Daga daƙiƙar farko har ta ƙarshe gudun nan ba zai motsa ba ko da za a yi girgizar ƙasa. A ɗora murya baiti-baiti. Amshi kuwa sau ɗaya yarinya za ta rera shi, a kwafa a manna a duk gurbin da ake so. Ka saurara da kyau za ka ji: amshin farko da na biyar tagwaye ne, har inda ta shaƙi iska iri ɗaya ne. To amshin da ba ya jin abin da jagora ya faɗa, me yake amsawa? Sunan ne kawai ya rage.

A fim kam da sauƙi, tun da dole jarumi ya yi mamin, ba wanda ya ce Ali Nuhu ya rera da bakinsa. Inda abin ya zama abin kunya shi ne da aka kwaso wannan ɗabi'a aka kawo ta fage. An ɗauko mawaƙi da kuɗi mai tsoka, ya taho tun daga Kano ko Kaduna zuwa dina a Funtuwa. Kayan aikinsa duka filash ne a aljihu. Ya miƙa wa dije, a saki waƙar da kowa ke da ita a waya, muryarsa na fita daga lasifika shi kuma yana bin ta a baya da makirfo, wani lokaci ya riske ta wani lokaci ta tsere masa. Sunayen da za a ambata tun mako biyu da suka wuce aka tura su ta WhatsApp aka gasa su a cikin waƙar. Kawun amarya da ya taso daga Legas ba zato ya shigo da damin sababbin kuɗi, ba shi a lissafi, sai dai a yi masa ihun sunansa a saman waƙar kamar mai kiran fasinja a tasha. Uwar ango ta fito rawa, tsohuwa ce, ƙafa ba ta ɗaukar wannan gudu, amma wa zai gaya wa filash ya sassauta? Janareto kuwa in ya yi tari ya mutu, kowa ya sha gani: gwanin naka ya tsaya da baki buɗe kamar an ɗauke hoto. Haba jama'a! Mawaƙin da ɗaukewar wuta ke iya rufe wa baki, shi ke jan waƙa ko ita ke jansa?

Hatta waƙar siyasa, wadda wannan yanki ya sake yin suna a kanta ta hannun Dauda Kahutu Rarara na ƙasar Ɗanja, gadon mawaƙan baka take ci: jero sunaye, kirari, zambo mai zafi. Kayan cikin na gado ne, kunnen jama'a bai canja ba. Abin da masu tasowa ba su gada ba shi ne iya yinsa a tsaye a gaban mutane.

Sai wani ya ce ai Indiya muka kwaikwaya, su ma mamin suke yi. Gaskiya ne, tun 1935 suka fara ɗaukar waƙa daban jarumi ya bi da baki. Amma ka san yadda ake ɗaukar waƙoƙin da iyayenmu suka haukace a kansu a sinima? Lata Mangeshkar ko Mohammed Rafi na tsaye a gaban makirfo, gomman makaɗa na zaune a ɗaki ɗaya da su, masu goge, masu tabla, masu sarewa, a ɗauka gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko. Mai tabla na jin numfashin mawaƙiya, ita tana jin hannunsa. Da yawa daga masu gogen nan 'yan yankin Goa ne da suka iya karanta rubutun kiɗa, su ke zana wa sauran abin da mai tsarawa ya rera. Ɗaya daga cikinsu, Anthony Gonsalves, shi ya koya wa Pyarelal goge, kuma don girmama shi aka sa wa Amitabh Bachchan sunansa a Amar Akbar Anthony na 1977. Dubi daraja! Mu mun kwaso rawar da sauya kaya da gudu a cikin furanni, muka baro ɗakin makaɗan a Bombay. Kwaikwayon ma rabi muka yi, kuma rabin mai arha.

Akwai wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Kalangu kuwa an yi shi ne don ya bi wannan hawa da sauka: a matse tsarkiya a hammata amo ya hau, a saki ya sauka, shi ya sa yake kiran sunan mutum mahauci ko ɗan dambe ya ji ya tashi. Mawaƙin da kalangu ke bayansa ba ya iya murɗe kalma yadda ya ga dama, gangar za ta tona shi. Amma in karin waƙar aro ne, an riga an kulle shi a kwamfuta, to kalma ce za ta durƙusa masa. Shi ya sa sau da yawa za ka ji baiti ya wuce sai ka mayar baya kafin ka gane Hausa aka yi. Marubutan littattafai da ke karanta wannan shafi, ku da kuke faɗa a kan ƙa'idar rubutu da ɗigon ƙugiya, wannan ma ai cin zarafin harshe ne, ban ji kun tanka ba.

Na san amsar furodusa: kuɗi. Makaɗa biyar da abincinsu da motarsu sun fi yaro ɗaya da kwamfuta tsada. Ban musa ba. Amma furodusan da ke wannan lissafi shi ne zai yi hayar gidan alfarma da jerin motoci don fitowa ɗaya ta minti biyu, ya ɗinka wa jaruma kaya kala bakwai na waƙa guda. Kuɗin akwai, inda ake ganin ya cancanta ne ake kai shi. Kuma a nan ne gizo ke saƙar. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce ƙyama. Bahaushe yana son kiɗa, ba ya son makaɗi. Maroƙi ne, ba a ba shi 'ya, ba a zama tabarma ɗaya da shi. Shata kansa bai gaji kiɗa ba, kuma sananne ne mahaifinsa bai so ya shiga ba saboda wannan kallo. Fiyano da ya zo sai ya zama wanka: ɗan boko ya samu hanyar yin waƙa ba tare da an kira shi maroƙi ba, shi "atis" ne, yana da situdiyo da kati mai lambar waya. Ya ci gaba da yabon masu kuɗi, ya ci gaba da karɓar liƙi, wato roƙon na nan daram, ganga kawai aka jefar don ita ce shaida. In ya tsaya kusa da mai kalangu a fage asiri zai tonu cewa sana'arsu ɗaya. Wannan ce matsalar, ba zamani ba, ba tsada ba.

Hukuma ma ba ta taimaka ba. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 ake dambe a kan rawa da waƙa: wa ya taɓa wa, wane kaya aka sa, a hana, a sake bari. Tawada ta ƙare a kan tsawon mayafi. Tambayar ko kiɗan kansa kiɗa ne, ba ta taɓa samun kujera a zauren ba.

Kada kuma wani ya fahimce ni a karkace ya tafi ya rubuta takardar neman tallafi, wai zai raba wa makaɗan Bakori iPad ya koya musu layuka biyar. Wannan wauta ce ta daban. Layukan nan an yi su ne don sautuka masu matakala, kalangu kuwa zamewa yake yi tsakanin matakalai, kuma wanda ke karanta fuskar maigidansa ba ya bukatar allo. Turawa sun ƙera gada ne don suna da kogi tsakanin mai tsarawa da mai kaɗawa. Mu ba mu da kogin, haƙa shi muka yi da hannunmu shekaru talatin ɗin nan. Abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne alƙiblar: na'ura ta yi wa mai rai hidima.

Kuma kayan yin haka suna nan a situdiyoyinmu, ƙura ce ta rufe su. Fiyanon Yamaha ɗin da ake zagi yana da maɓallin da ake bugawa da yatsa a saita gudu daidai da mai waƙa, yana da na tsayar da ganga cak, da na shigo da ita, da na sauya bugu a tsakiyar tafiya. Kamfanin ya sa su ne don mai kaɗawa a gaban jama'a. Mai fiyano da ya san hannunsa zai iya zama a bayan mawaƙi ya bi shi kamar yadda makaɗan Shata ke binsa, a ajiye masa mai kalangu ɗaya da 'yan amshi biyu masu rai a gefe. Wayar da ake tura sunaye da ita mako biyu kafin biki, ita ce za a ba wani yaro a bakin ƙofa ya riƙa turo sunan duk wanda ya shigo, yana fitowa a allo a gaban mawaƙi. Ga sanƙiran zamani, ga rubutun nan-take irin namu, ba sai an je Hambog ba. Sai dai fa daga nan aiki ya koma kan mawaƙi: sunan ya iso, to ɗinka shi mu gani. Ina zargin wannan jarrabawar ce da yawansu ke gudu.

A ɓangaren fim abin ya fi sauƙi ma. Yanzu da finafinai masu dogon zango suka karɓe kasuwa, waƙar rawa ta ragu, kiɗan ƙarƙashin magana ya ƙara muhimmanci, kuma a nan ne aka fi yin ha'inci: edita ya buɗe jakar sautukan da ya sauke daga intanet, in kuka ake ya jawo na kuka, in makirci ne ya jawo na makirci, sautin da ka ji a fim uku a mako guda. A Holiwud tun zamanin Alfred Newman ake haska fim a bango makaɗa na zaune, wani layi yana ratsa hoton daga hagu zuwa dama, in ya kai ƙarshe haske ya ƙifta, madugu ya san nan ne jaruma za ta juyo, nan kiɗa zai faɗo. Kakan rubutun nan-take ke nan, kuma duk editan da ke Zoo Road zai iya zana layin nan a kwamfutarsa cikin minti biyar. A kira mai gurmi ko mai kukuma ko mai sarewa, a zaunar da shi gaban allo, a nuna masa fitowar sau biyu, a gaya masa uwar nan yanzu za a sanar da ita mutuwar ɗanta, in layi ya kai bango ka shigo. Mutumin da ya saba karanta fuskar jama'a a fili ba zai kasa karanta fuskar Hadiza Gabon a allo ba. Yini ɗaya, mutum ɗaya, kuɗin da bai kai na hayar mota guda ba.

Mai ganin wannan ba zai sayu ba ya dubi Nijar. Mdou Moctar, Buzun nan mai jita, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da gangar kwamfuta da murya mai Auto-Tune irin ta waƙoƙin finafinanmu sak. Bai tsaya nan ba, ya haɗa ƙungiya ta masu rai, mai ganga da masu jita, yau Turai da Amurka yake zagayawa ana cika masa zaure. A situdiyonmu ya fara. Mu kuwa masu situdiyon, ranar da aka gayyaci gwaninmu wasa a wata ƙasa, abin da ya fi tsoron mantawa a gida ba ɗan amshinsa ba ne, filash ne.

Makaɗan da nake magana a kansu ba su ƙare ba tukuna. Suna nan a Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ana ganinsu ranar sallah da wurin dambe da kamun amarya, mafi yawansu furfura ta fito, 'ya'yansu kuma sun koma acaɓa da sayar da fetur a galan don sun ga abin da uba ya samu. Daga Kano zuwa Funtuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce. Furodusan da ke shirin sabon fim bana, kafin ya biya kuɗin gidan da zai yi hayar, ya cire na mota ya aiko a ɗauko masa mutum biyu da gangunansu.